In Ɓera Da Sata, Daddawa Ma Da Wari

  

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a zaure da rumfar kasuwa, har a bakin waɗansu masu rawani, cewa wai kuɗin gwamnati ba na kowa ba ne, wanda ya sami dama ya ɗiba rabonsa ne ya tsaga. Wannan magana ɓata ce, kuma ita ce uwar yawancin ɓarnar da a ke kuka da ita. Abin da ke cikin baitulmali, ko na tarayya, ko na jiha, ko na ƙaramar hukuma, an tara shi ne daga harajin ɗan kasuwa, da kuɗin fito, da kuɗin rumfa, da arzikin da Allah ya binne a ƙarƙashin ƙasa. Kowane mai rai a ƙasar yana da haƙƙi a cikinsa, har jaririn da aka raɗa wa suna jiya. Wanda ya saci akuyar mutum ɗaya, wurin mutum ɗaya zai nemi gafara. Wanda ya ci kuɗin asibitin gari kuwa, ina zai bi ya tara masu haƙƙi, alhali waɗansunsu suna kabari saboda abin da ya ci?

To, tun da dukiyar ta jama'a ce, tsaronta ma na jama'a ne. Attajirin da ya aiki yaronsa Ikko ko Gwanja da kaya ba ya ƙin ƙidaya kuɗi ran da yaron ya komo, don wai yaron mai salla ne. Ya kan buɗe littafi a gabansa, a duba abin da aka saya, da abin da aka sayar, da abin da aka kashe a hanya, yaron kirki kuma ba ya jin haushin wannan, gama ƙidayar nan ita ce ke wanke shi. Abin mamaki shi ne attajirin nan da ba ya barin sisi ya ɓace a shagonsa, sai a rubuta miliyoyi da sunan hanyar da ke wucewa ta ƙofar shagon, shekara ta zagayo babu hanya babu dalilinta, shi kuwa ya ce Allah ya kyauta, ya ci gaba da jera kaya.

Malamai sun fi kowa sanin asalin wannan al'amari. Ya tabbata a cikin Buhari da Muslim cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aiki wani mutum da a ke kira Ibnul Lutbiyya karɓar zakka. Da ya komo sai ya kasa kayan kashi biyu, ya ce ɗaya na Musulmi ne, ɗayan kuwa kyauta ce aka yi masa. Manzon Allah bai ja shi gefe ya yi masa raɗa ba. Mumbari ya hau, a gaban jama'a, ya bayyana cewa da mutumin ya zauna a gidan iyayensa da babu mai kawo masa kyautar nan, watau muƙamin aka yi wa kyauta. Malaman tarihi kuma sun ruwaito cewa Sayyidina Umaru ya kan rubuta dukiyar gwamna ran da ya naɗa shi, in ya ga ta haɓaka fiye da ƙima sai ya raba ta ya mai da kashi ɗaya baitulmali. Yana da manzo na musamman, Muhammadu ɗan Maslama, wanda ya ke aikawa ya binciki ƙarar da talakawa suka kawo a kan gwamnoni. Shi kansa Umaru, sananne ne labarin ran da wani ya tsai da shi yana huɗuba, ya tambaye shi inda ya sami ƙyallen da ya isa rigarsa, alhali rabon da aka ba kowa ba ya isar dogon mutum kamarsa. Bai sa an kama mai tambaya ba. Ɗansa Abdullahi ya kira, ya shaida cewa shi ya ƙara masa da nasa rabon.

A ƙasar Hausa ma abin ba baƙo ba ne. Shehu Magili, da ya sauka Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya rubuta masa littafi a kan abin da ya wajaba ga sarakuna, ya keɓe babi a kan inda ya halatta a karɓi dukiya, da wani babi a kan inda ya wajaba a kashe ta. A cikin Kitabul Farƙi, wanda a ke dangantawa ga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, an lissafa gaisuwar da a ke kai wa masu mulki a cikin al'adun mulkin zalunci. Malam Abdullahi na Gwandu kuwa a Kano ya wallafa Liya'ul Hukkami, domin masu riƙe da al'amuran jama'a su san iyakarsu. Waɗannan duka malamai ne, ba su kuwa ɗauki maganar baitulmali a matsayin abin duniya da bai kamaci mai ilmi ya kula da shi ba.

Da zamani ya juya, maganar ba ta mutu ba. A watan Agusta na 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe a Majalisar Wakilai ta Jihar Arewa a Kaduna, ya nemi a sake duba tsarin mulkin En'e tun daga tushe, ya kuma taɓo cin hanci da halin da talaka ke ciki. Maganar ta girgiza manya, da ƙyar ta sami rinjaye. A watan Fabrairu na 1952 Sarkin Gwandu Yahaya ya kawo shawara a Majalisar Sarakuna cewa cin hanci ya game ko'ina, En'e-En'e su tashi su nemo masu yi su hukunta su, a kuma wayar da kan jama'a. A shekarar 1962 gwamnatin Jihar Arewa ta naɗa wani Bature, Mista Muffett, ya binciki kuɗin En'e ta Kano, abin da ya kai ga murabus ɗin Sarki Muhammadu Sanusi a 1963. Har yau ba a daina gardama a kan binciken nan ba, waɗansu na cewa gyara ne, waɗansu na cewa siyasa ce.

A nan ne mai hankali zai ga raunin binciken da ya sauko daga sama kaɗai. Ba ya zuwa sai ɓarna ta riga ta auku, in ya zo kuma ba ya rabuwa da zargi, domin mai bincike da wanda a ke bincika duka 'yan gida ɗaya ne, yau suna shiri gobe suna faɗa. An kafa hukumar ICPC a shekarar 2000, an kafa EFCC a 2003, sun kuwa yi ayyukan da ba a raina ba, amma gwamnati ce ke naɗa shugabanninsu, ita ce kuma ke ba su abin aiki. Ga wani misali mai ɗaci. A watan Janairu na 2012, da aka janye tallafin man fetur jama'a suka cika tituna, Majalisar Wakilai ta tarayya ta kafa kwamiti ya binciki yadda a ke biyan tallafin. Kwamitin ya tono cewa abin da aka biya ya ninka abin da aka rubuta a kasafi sau da yawa. Amma shugaban kwamitin da kansa, kotu ta same shi a 2021 da laifin karɓar toshiyar dala 500,000 daga wani mai kamfanin mai, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da ɗaurinsa na shekara biyar a 2024. In mai gadi ma yana bukatar mai gadi, ashe ba makawa sai masu kayan da kansu sun buɗe ido.

Wanda ke ganin idon talaka ba ya tsinana kome, sai ya dubi abin da ya auku a Bagega, cikin ƙasar Anka ta Jihar Zamfara. Da farashin zinariya ya hau, mutanen ƙauyukan Anka da Bukkuyum suka duƙufa haƙarta, domin ta fi noma kawo kuɗi. Ashe dutsen da su ke haƙowa haɗe ya ke da dalma mai yawa. Su kan kai shi gida, a farfasa, a niƙa a irin injin da a ke niƙa hatsi, a wanke, a shanya a tsakar gida. Ƙurar ta sauka a ƙasa inda yara ke rarrafe suna sa hannu a baka. Sai yara suka shiga amai da ciwon ciki da suma da jijjiga, suna mutuwa, iyaye na zaton zazzaɓi ne ko iska. A watan Maris na 2010 likitocin sa kai na ƙungiyar MSF, waɗanda ke yawon neman masu sanƙarau, suka lura da yawan sababbin kaburburan yara, gwajin jini kuma ya nuna gubar dalma ce. A ƙauyuka biyu da aka fara ƙidayawa, an iske ɗaya cikin kowane yara huɗu 'yan ƙasa da shekara biyar ya rasu a cikin shekara guda. Jimillar yaran da suka rasu ta haura 400.

Maganin wannan guba yana da sharaɗi. Akwai ƙwayar da ke fitar da dalma daga jini, amma ba ta da amfani in yaro zai koma ya zauna a kan ƙasar da ta sa masa ciwon. Sai an kankare saman ƙasar kowane gida da kowane lungu, an kwashe an binne a rami mai nisa, an kawo ƙasa mai tsabta an shimfiɗa, sa'an nan likita ya fara ba da magani. Aikin kuma na rani ne, in ruwa ya sauka hanya ta yanke, laka ta hana aiki. An gyara ƙauyuka bakwai tsakanin 2010 da 2011, aka bar Bagega, wadda ta fi su girma, da yara wajen 1,500 suna jira. A watan Mayu na 2012 gwamnatin tarayya ta yi alkawarin Naira miliyan 850 domin aikin. Damina ta zo ta wuce, kaka ta shiga, hunturu ya kama, kuɗi suna nan a takarda a Abuja, likitoci na zaune da magani a hannu ba su da ikon ba da shi.

Waɗanda suka motsa al'amarin ba masu sarauta ba ne. Waɗansu samari ne, a cikinsu akwai Hamzat Lawal, suka kafa wani shiri da su ke kira Follow The Money, watau bi sawun kuɗi. Suka tafi Bagega da ƙafarsu, suka zauna da iyayen yara, suka ɗauko hotuna da muryoyi, suka watsa a intanet da jaridu da gidajen rediyo, tare da ƙungiyar Human Rights Watch da waɗansu irinta. Tambayarsu ɗaya ce, ba su kuwa gaji da maimaita ta ba: an yi alkawarin kuɗi kaza ran kaza, ina su ke? Maganar ta kai Majalisar Dattawa, shugaban kwamitinta na muhalli ya je ƙauyen ya gani da idonsa. A ƙarshen Janairu na 2013, bayan jiran wata takwas, aka saki kuɗin. Samarin ba su tsaya nan ba, suka bi su zuwa ma'aikatun da aka raba wa, ta muhalli da ta ma'adinai da ta lafiya, suna tambayar kowace abin da ta karɓa da abin da ta yi. A watan Afrilu likitoci suka fara ba yaran Bagega magani, zuwa Yuli an gama kankare ƙasar.

Abu uku ya kamata a tsinta a cikin wannan labari. Na farko, cin amana bai tsaya ga sata kaɗai ba. Kuɗin da aka ajiye aka ƙi saki a kan kari, alhali rai na jiransu, jinkirin nan ma zalunci ne, gama dalmar da ta taɓa ƙwaƙwalwar yaro ba ta kan bar ta yadda ta same ta ba. Na biyu, samarin nan ba su yi zagi ba, ba su kuma kira kowa ɓarawo ba. Adadi suka riƙe, da rana, da sunan gari, abin da ba ya musantuwa. Na uku, ba su saki sawu ba ran da aka ce an saki kuɗi, domin tsakanin Abuja da ƙauye akwai ƙofofi da yawa, kowace ƙofa kuma tana da mai tsaronta. A 2015 irin annobar nan ta sake ɓulla a ƙasar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka rasu, sai da aka sake bin sawu kamar na farko. Wannan ya nuna sa ido aikin kullum ne, kamar sharar masallaci.

Haka al'amarin ya ke a wajen manyan kamfanoni. Dattawan da suka ga zamanin dalar gyaɗa a Kano sun san yadda hukumar ciniki ke yanke farashi ƙasa da abin da a ke sayarwa a kasuwannin Turai, ta riƙe rarar. An yi ayyukan alheri da wani sashe na rarar nan, amma manomin da ya zuba gumi bai taɓa ganin littafin ba, balle ya san nawa aka tara, nawa aka kashe. Da man fetur ya gaji gyaɗa, duhun ya ƙaru. Domin haka aka kafa hukumar NEITI a 2004, aka yi mata doka a 2007, aka kuma ba ƙungiyoyin jama'a kujera a majalisarta. Dabarar aikinta kowane ɗan kasuwa ya san ta: a sa kamfani ya faɗi abin da ya biya, a sa gwamnati ta faɗi abin da ta karɓa, a aza littattafan biyu kusa da juna a ga inda suka saɓa. Bincikenta na farko, wanda ya duba shekarun 1999 zuwa 2004, ya nuna cewa ma'aunin da a ke dogara da shi yana tashar da a ke loda wa jirage, abin da ya fito daga bakin rijiya kuwa ba a san adadinsa da tabbaci ba. Wane mai gona ne zai yarda a auna masa hatsi a ƙofar kasuwa kaɗai, bai san buhu nawa suka bar gonar ba? Rahotannin hukumar nan, har da na ma'adinai irin su zinariya, a buɗe su ke ga kowa. Abin da su ke rasa shi ne masu karantawa su tambaya.

Akwai kuma makamai biyu da doka ta miƙa wa talaka, waɗanda da yawa ba su san da su ba. Na ɗaya shi ne dokar 'yancin samun bayani, wadda aka sa wa hannu ran 28 ga Mayu, 2011. Ta ba kowa ikon ya nemi ma'aikatar gwamnati ta nuna masa takardun aikinta, kamar kuɗin kwangila da sunan wanda aka ba, ba sai ya faɗi dalilinsa ba. Wajibi ne a amsa masa cikin kwana bakwai, ko a rubuta masa dalilin hanawa, yana kuma da ikon kai ƙara kotu. Wanda aka samu da hanawa ba bisa haƙƙi ba, tararsa Naira 500,000. Wanda ba ya rubutun boko, dokar ta yarda wani ya nema a madadinsa, don haka almajirin da ajami kaɗai ya iya ba shi da uzuri. A 2025 Kotun Ƙoli ta yanke cewa dokar ta hau kan jihohi ma. Na biyu shi ne dokar ba da kwangila ta 2007, wadda ta wajabta wa ma'aikatun tarayya su buɗe takardun masu neman kwangila a bainar jama'a, su kuma gayyato 'yan kallo biyu daga waje, ɗaya daga ƙungiyar masu sana'a, ɗaya daga ƙungiyoyin da ke sa ido. Takobi a kube ba ya yanka, doka ma haka ta ke in babu mai zare ta.

Wani zai ce, ai wannan bin diddigi giba ce, tonon asirin Musulmi ne, kuma ƙofar fitina ce. Amsa ita ce a rarrabe. Abin da shugaba ya ke yi a cikin ɗakinsa, tsakaninsa da Ubangijinsa ne, leƙa shi haramun ne. Abin da ya ke yi da kuɗin rijiyar gari kuwa ba asirinsa ba ne, domin rijiyar ba tasa ba ce. Imamu Nawawi ya ƙidaya wurare shida da ambaton aibin mutum ya halatta, a cikinsu akwai kai kukan zalunci ga mai ikon gyarawa, da neman taimako a kan kawar da abin ƙi. Tambayar lissafi kuma ba tawaye ba ce, wanda ya tsai da Umaru a kan ƙyalle bai zare takobi ba, da aka ba shi amsa kuwa ya yi biyayya. Fitina ta gaskiya ita ce wadda ke tsirowa a garin da samari suka girma suna ganin makaranta ba rufi, asibiti ba magani, gidan wanda aka ba kwangilar kuwa yana ta hawa sama, kuma babu dattijo ɗaya da ya ce uffan.

Wani kuma zai ce, ƙungiyoyin nan da kuɗin Turawa su ke aiki, wa ya san nufinsu? Tambaya ce mai kyau, kuma gaskiya ne da yawansu daga waje su ke samun gudummawa. Akwai ma waɗanda ba su da kome sai hatimi da takarda mai kan sarki, a kan yi hayarsu su yabi wannan su zagi wancan. Maganin wannan shi ne a auna su da mudun da su ke auna wasu: su faɗi mai ba su kuɗi, su nuna littafinsu, a kuma duba ko bakinsu ya kan mutu in jam'iyyar da su ke so ce ke kan mulki. Amma in an ƙi mai gadin haya, sai masu gida su yi gadin da kansu. Ba a bukatar kuɗin Ingila ko na Amurka kafin mutum biyar su taka zuwa bayan gari su duba ko an haƙa rijiyar burtsatsen da aka rubuta.

Sai dai mai sa ido yana da sharuɗɗa, in ya rasa su ɓarnarsa ta fi gyaransa. Kada ya faɗi abin da bai tabbatar ba, gama jita-jita ba hujja ba ce, ƙazafi kuma zunubinsa a kan mai yinsa ya ke ko da wanda aka yi wa azzalumi ne. Ya fara da tambaya kafin tuhuma, ya ba wanda a ke zargi damar amsawa. In ya iske aiki ya yi kyau ya faɗa, domin akwai ma'aikata masu tsoron Allah da ke shan wuya a tsakanin abokan aikinsu, shaidar jama'a kuwa garkuwa ce gare su. Kada ya mai da abin da ya gano jarin neman toshiya. Kuma ya kasance hannunsa tsarkakakke, domin mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Wannan sharaɗi na ƙarshe ya fi nauyi a kan malamai. Mai cin dukiyar jama'a ba ya tsoron ɗan sanda kamar yadda ya ke bukatar malami, domin malami ne ke wanke sunansa a idon gari. Ya kan kawo buhunan shinkafa da azumi, ya biya kujerar Makka, ya sa tayal a masallaci, daga nan sai a ji ana yi masa addu'a da suna a bayan kowace salla. In baki ya ci, ido ya kan ji kunya. Malamin da ya san albashin mutum, ya kuma ga kyautar da ya kawo ta fi albashinsa na shekara, bai kamata ya ce ba ruwansa da inda aka samo ba, alhali shi ne ke karantar da cewa Allah ba ya karɓar sadaka daga dukiyar ha'inci. Babu wanda ya ce malami ya bar allo ya shiga jam'iyya. Abin da a ke nema gare shi shi ne ya tambaya kafin ya karɓa, ya karantar da babin amana da gululu kamar yadda ya ke karantar da babin tsarki, ya kuma yarda a karanta lissafin kuɗin masallacinsa a gaban masu salla, domin a koya daga gare shi.

'Yan kasuwa su ma da nasu kason. Hanci ba ya ciwuwa sai da mai bayarwa, kwangilar ƙarya kuma ba ta tafiya sai an sami mai shagon da zai rubuta rasit na buhun siminti ɗari alhali arba'in ya sayar. Wanda ya tauye mudu ba shi da bakin zargin wanda ya tauye kwalta. Kowace kasuwa tana da ƙungiyoyi, na masu hatsi da masu atamfa da masu goro da 'yan tireda, kowace tana karɓar kuɗi a hannun 'ya'yanta. To, a fara daga nan: a karanta abin da ya shiga da abin da ya fita sau biyu a shekara, a bainar kowa. Ƙungiyar da ta saba da wannan ita ce za ta iya tsayawa gaban hukuma ta tambayi inda kuɗin rumfa ke tafiya, da dalilin da ya sa kwata ta toshe, da dalilin da ya sa in gobara ta tashi babu ruwan kashe ta. Tsoron da ke hana ɗan kasuwa magana sananne ne, kada a ƙwace rumfa ko a aiko masa masu haraji. Amma abin da a ke iya yi wa mutum ɗaya, da wuya a yi wa mutum ɗari biyar da suka sa hannu a takarda guda.

Hanyar farawa ba ta da wuya. A watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa kason ƙananan hukumomi 774 haƙƙinsu ne a biya su kai tsaye, abin da a ke rabawa kowane wata kuma a kan buga shi. Kowace unguwa ko gari ta zaɓi mutum biyar ko bakwai da aka yarda da amanarsu: malami, da ɗan kasuwa, da dattijo, da wakiliyar mata, da saurayi mai karatun boko wanda zai nemo kasafin kuɗi ya fassara. A rubuta ayyukan da aka yi wa garin alkawari a littafi guda, da ajami ko da boko, kowane da kuɗinsa da ranarsa. A je a duba da ido, gani ya kori ji. A rubuta wa hukuma tambaya cikin ladabi, a ajiye kwafi. In amsa ta zo a karanta wa jama'a, in ba ta zo ba a sake rubutawa, sa'an nan a kai ga gidan rediyo, ko hukumar karɓar ƙorafi, ko kotu. Ma'aikacin da ya san akwai littafi a zauren liman mai ɗauke da sunan aikinsa, lalle zai yi tunani kafin ya miƙa hannu.

Malamai sun ce farali na kifaya, in waɗansu suka yi ya faɗi a kan saura, in kowa ya bari kowa ya yi laifi. Garin da aka cinye kuɗin asibitinsa shekara da shekaru babu wanda ya tambaya, ɓeran yana da zunubinsa cikakke, amma waɗanda suka bar tukunyar a buɗe su ma za a tambaye su. Allah ya ba shugabanni ikon riƙon amana, ya ba talakawa ƙarfin zuciyar tambaya da adalci, ya ji ƙan yaran Zamfara da suka riga mu gidan gaskiya, ya ba iyayensu haƙuri. Amin. Wassalamu.